Yaya ake gudanar da gasar jiragen filafilai, tun daga takardu har fitar da maki?

Sabon_Sakatare:

Assalamu alaikum, manyanmu. Ƙungiyarmu ta masu tuƙa jiragen filafilai ta ɗora wa kwamitinmu nauyin shirya gasar kwana biyu nan da wata uku. Muna sa ran jirage 20 ƙirar ILCA, wato ƙananan jirage masu ɗaukar mutum ɗaya, 12 ƙirar Optimist na yara, da wasu shida masu ƙira daban-daban waɗanda ba su kai a ware wa kowanne rukuninsa ba. Burinmu tsere shida, uku kowace rana.

Tuƙi kam mun iya, amma riƙe tuta da agogo a jirgin kwamiti wani fanni ne daban. Ina roƙon masu ilimin abin su warware mana: waɗanne takardu ne dole mu fitar, kuma yaushe? Yaya jerin tutocin tashi yake? Tsawon layin tashi nawa ya kamata? Yaya ake lissafin maki, musamman na jiragen nan shida da gudunsu ba ɗaya ba? Idan wani ya kawo ƙarar wani, wa zai yanke hukunci? Muna so ƙungiyoyin da za su zo su koma suna cewa an yi musu adalci.

Mai_Tuta:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Fara da littafin dokokin tsere na hukumar World Sailing. Duk bayan shekara huɗu ake sabunta shi, wanda ake aiki da shi yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Ka tabbata shi ne a hannunka, domin an sake tsarin sashen ƙararraki a wannan fitowar, lambobin dokokin wurin sun sauya. Wanda ya kwafo takardun wata tsohuwar gasa zai tarar yana kafa hujja da lambar da yanzu wani abu daban take nufi.

Takardu biyu ne ginshiƙi. Ta farko Sanarwar Gasa, wadda dole mutum ya samu kafin ya yi rajista. A cikinta za a ga mai shirya gasar, wuri da ranaku, rukunan jiragen da aka yarda su shiga, sharuɗɗan shiga, ranar rufe rajista, lokacin siginar gargaɗi ta tseren farko, yawan tseren da aka tsara, da tsarin maki. Duk abin da mutum zai so ya sani kafin ya yanke shawarar ɗauko jirginsa, a nan yake. Tunda wata uku gare ku, ku fitar da ita cikin makonni biyu masu zuwa. Ta biyu Umarnin Tsere, wanda dole ya isa hannun kowane jirgi kafin a fara tsere. Shi ke bayyana zanen hanya, launi da siffar alamomin da ake kafawa a kan ruwa don jirage su zagaya, tutar kowane rukuni, layin tashi da na gamawa, iyakar lokaci, lokacin rufe karɓar ƙara, da inda allon sanarwa yake. A ƙarshen littafin dokoki akwai rataye J mai jerin abubuwan da takardun biyu za su ƙunsa, akwai kuma rataye S mai umarni shiryayye wanda ya wadatar da ƙaramar gasa irin taku.

Abu uku ke jawo rigima a takardun nan. Na ɗaya, a rubuta abu guda a wurare biyu da lambobi daban, sanarwa ta ce tsere shida, umarni ya ce biyar. Idan haka ta faru kwamitin ƙararraki ne zai zaɓi wanda yake ganin ya fi adalci, ba ku ba. Na biyu, a sauya doka ba tare da an ambaci lambarta ba. Littafin ya ce sai an faɗi dokar da ake sauyawa ƙarara, an kuma faɗi sauyin. Wasu ma ba a taɓa su sam, kamar dokokin wa zai ba wa hanya idan jirage sun haɗu. Na uku, a sauya umarni da baki a wurin taron safe. Gyara sai a rubuce, a manna a allo kafin lokacin da umarnin ya ƙayyade, a ɗaga tutar L a tudu da busa ɗaya don mutane su san akwai sabon abu.

Sai tashi, wato doka ta 26. Saura minti 5, a ɗaga tutar rukuni da busa ɗaya, wannan ce siginar gargaɗi. Saura minti 4, a ɗaga tutar shiri da busa ɗaya, galibi P, shuɗiya mai farin murabba'i a tsakiya. Saura minti 1, a sauke tutar shiri da doguwar busa ɗaya. Lokaci ya cika, a sauke tutar rukuni da busa ɗaya, an tashi ke nan. Daga tuta ake ɗaukar lokaci, ba daga ƙaho ba. Ko ƙaho ya ƙi busawa, tsere yana nan. Dalilin a fili yake: sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, a kan dogon layi kuwa na can ƙarshe zai ji shi a makare, iska ma tana iya kwashe shi. Saboda haka mai tuta ya fi kowa muhimmanci a jirgin kwamiti. Tuta ta tashi a daidai daƙiƙar, kada a riƙa jan ta a hankali.

Mutum biyar ne mafi ƙaranci a jirgin: shugaban tsere mai kallon layi, mai agogo da ke ƙirgawa da babbar murya, mai tuta, mai ƙaho, da mai rubutu. A sa agogo biyu da aka daidaita, kada batirin ɗaya ya mutu ana tsaka da ƙirge. A ajiye wani mutum a ƙaramin jirgi a ɗaya bakin layin da rediyo, domin jiragen da ke kusa da ku suna tare muku na can.

Idan wani abu ya kwaɓe kafin a tashi, ko iska ta juya, ko mai tuta ya makara, ko anka ta ja, kada a yi ta maza. A ɗaga tutar jinkiri ta AP, doguwa mai ratsin ja da fari, da busa biyu. In an gyara a sauke ta da busa ɗaya, bayan minti ɗaya cif a ba da sabuwar siginar gargaɗi. Tutar nan tana hannun mai tuta ko da yaushe, a ɗaure a sandarta.

Tsawon layi: yawan jirage sau tsawon jirgi, sannan a ƙara rubu'i zuwa rabi. ILCA mita 4.2 ne, 20 sun ba da mita 84, to layinku tsakanin mita 105 da 126. In iska ta yi ƙarfi a ɗauki na saman. Optimist wajen mita 2.3 ne, 12 ba su buƙaci fiye da mita 40 ba. Ni dai shawarata a karkata layin da kamar digiri 5 yadda bakin da ke nesa da jirgin kwamiti zai ɗan fi kyau, don kada duk su taru su rufe muku ido.

Mai_Anka:

Malam Mai_Tuta ya yi bayani mai kyau, sai dai ban bi shi a kan karkata layi ba, musamman ga kwamitin da bai saba ba. A yi lissafi. Layi mai mita 110 idan ya karkace da digiri 5, wanda ya tashi daga bakin da ya fi kyau ya sami ratar kusan mita 10, wato tsawon jirgi biyu da ɗoriya. Idan digiri 10 ne, mita 19. Iska kuwa da kanta tana lilo da digiri 5 zuwa 10 a rana mai kyau ma. In kun karkata da gangan, ita ma ta ƙara nata, sai ku ga jirage 20 sun dunƙule a baki ɗaya suna ture juna su tsallake layi. Ku daidaita shi ya zama digiri 90 da matsakaicin inda iska ke fitowa, sannan ku kalli jiragen. Inda suka taru shi ke gaya muku gaskiyar layin, fiye da kamfas.

Yadda ake samun matsakaicin: ku fita awa ɗaya kafin tsere, jirgi a kan anka, injin a kashe. Mutum ya tsaya a gaban jirgi da zare a kan sanda da kamfas na hannu, ya rubuta inda iska ke fitowa duk minti biyar. Jirgin da zai kafa alama ta sama shi ma ya auna a can ya turo, domin sau da yawa iskar can daban take da ta wurin tashi. Idan lambobin suna kai-komo tsakanin 220 da 240, ku kafa a 230. Idan kuwa suna hawa ne ba sa dawowa, 220, 225, 232, 238, iska juyawa take yi gaba ɗaya, ku dakata ta zauna.

Hanya mafi sauƙin kafawa da gyarawa ita ce ta sama da ƙasa: alama ɗaya can inda iska ke fitowa, ɗaya a ƙasa kusa da layi, a zagaya sau biyu, ana barin alamomi ta hagu. Ga jirage 20 ku ƙara ƙaramar alama kamar mita 40 zuwa 50 a gefen hagu na ta sama, don waɗanda suka zagayo kada su faɗa kan masu tasowa. A ƙasa kuma in kuna da alamomi ku yi ƙofa, wato alama biyu da jirgi zai bi ta tsakaninsu ya zagaya wadda ya so. Faɗin ƙofar ya wuce tsawon jirgi shida. Kowace alama tana da kewayen tsawon jirgi uku inda dokar ba da wuri ke aiki, in kewayen biyu suka hau juna, ba mai sanin wa ke da haƙƙi. Tsawon jirgi takwas zuwa goma ya yi. Yaran Optimist a kafa musu tasu alama ta sama a kusa, mai launi daban, a rubuta launin a umarni.

Tsawon zango, wato daga alama zuwa alama, da lokaci ake auna shi. Tunda tsere uku ne a rana, ku nufi minti 40 zuwa 45 ga jirgin farko. Ku duba minti nawa ya ɗauka kafin ya kai alama ta sama a zagayen farko, daga nan za ku gane ko kun yi tsawo.

Maganar anka ita ce inda gasa da yawa ke lalacewa. Igiyar alama ta kai ninki uku na zurfin ruwa, da guntuwar sarƙa a wajen ankar don ta kwanta ta kama ƙasa. A ɗaura wani nauyi a igiyar kamar mita biyu ƙarƙashin alamar, yadda za ta sauka tsaye, in ba haka ba za ta miƙe a saman ruwa ta sarƙe abin juya jirgin masu zagayawa, su ja alamar su tafi da ita. Inda ruwa ke cika yana janyewa, a auna da zurfin cikarsa. Jirgin kwamiti ya saki igiya mai yawa, ninki biyar ko fiye, domin da ita ake gyara layi: a ja a matsa gaba, a saki a koma baya, ba sai an cire anka ba. Amma daga siginar shiri ba a ƙara taɓa alamar layi.

Bayan an tashi akwai tutoci huɗu da za ku buƙata. C da busa a kai a kai a bakin alama tana nufin an sauya zango na gaba. Tare da ita a nuna sabuwar lambar kamfas, ko koren alwatika in an matsa dama, jan murabba'i mai tsawo in an matsa hagu, da alamar ragi ko ƙari in tsawon ya sauya. Sharaɗin shi ne kowane jirgi ya ga siginar kafin ya fara zangon. S da busa biyu gajarta tsere ce, a gama tsakanin alamar da sandar da ke ɗauke da tutar, kuma a ɗaga ta kafin jirgin farko ya iso. M da busa a kai a kai na nufin abin da ke ɗauke da ita ya maye gurbin alamar da ta ɓace. N da busa uku soke tsere ne. Idan iska ta mutu bayan an yi zagaye ɗaya mai kyau, gajartawa ta fi sokewa, domin mutane sun riga sun sha wahalar samun matsayinsu. In gudun iska bai kai not 4 ko 5 ba, ba a fara tsere, not ɗaya kuwa kilomita 1.85 ne a awa. Sama da 25 ga ƙananan jirage haɗari ne, ga yara ma tun kafin nan.

Sabon_Sakatare:

Allah ya saka da alheri, malamai. To idan jirage da yawa suka tsallake layi kafin lokaci fa? Wani a kwamitinmu yana cewa mu fara da baƙar tuta tun tseren farko don kowa ya shiga taitayinsa.

Mai_Tuta:

Kada ku yi haka, Malam. Baƙar tuta makamin ƙarshe ce. Bari in jero su daga mai sauƙi.

Idan kun gane duk waɗanda gangar jirginsu ta tsallake a lokacin tashi, ku ɗaga X, fara mai shuɗin gicciye, da busa ɗaya, nan take cikin 'yan daƙiƙu. Tana sama har sai duk sun koma bayan layi, amma ba ta wuce minti huɗu bayan tashi, ko minti ɗaya kafin tashin rukuni na gaba in shi ya riga. Wanda bai koma ba a rubuta masa OCS, wato ya tsallake layi kafin lokaci. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jinkiri, ana gardamar lamba nawa ce, sai bayan rabin minti a ɗaga tuta, ko a ɗaga ba busa. Wanda kuka rubuta wa OCS a wannan hali yana da hujjar neman a gyara masa maki, kuma yana iya samu. Mai kallon layi ya riƙe na'urar ɗaukar murya tun saura minti ɗaya da rabi, yana faɗin abin da yake gani da lambobin filafilai, muryar mai agogo tana shiga ciki. Da wannan za ku kare kanku.

Idan ba ku gane su duka ba, ko ku ne kuka yi kuskure a jerin sigina, a dawo da kowa: tutar maye ta farko, alwatika rawaya mai shuɗin baki, da busa biyu. A sauke ta da busa ɗaya, bayan minti ɗaya a sake gargaɗi. Kafin ku sake, ku tambayi kanku me ya tura su. Sau da yawa layin ne gajere ko karkatacce, ko ruwa ne ke gudu yana tura jirage gaba. A nan na yarda da Malam Mai_Anka, a gyara layi tukuna. Hukunta mutane a kan layin da ku kuka kafa ba daidai ba zalunci ne.

In layi ya yi kyau suka ci gaba da tsallakewa, sai a sauya tutar shiri. Da tutar I, wanda ya tsallake a minti na ƙarshe sai ya zagayo ta bakin layi kafin ya tashi. Sauran ukun suna aiki ne da alwatikan da ke tsakanin bakin layi biyu da alama ta farko, a cikin minti na ƙarshe. Da Z, wanda ya shiga alwatikan za a ƙara masa kashi 20 cikin ɗari na makin wanda bai gama ba. Da U, an fitar da shi daga tseren ba tare da zaman sauraro ba, amma in aka sake tashin ya dawo da haƙƙinsa. Da baƙa, an fitar da shi ko da an sake tashin, sai dai in an jinkirta ko an soke kafin siginar tashi. Akwai wani nauyi a kanku da baƙar tuta: in kuka dawo da kowa, dole ku rubuta lambobin waɗanda aka kama a allo a jikin jirgin kwamiti kafin gargaɗi na gaba. Ga gasarku P ta isa a fara, U ta biyo baya. Yara kuwa a yi musu haƙuri da P har sau biyu.

Rukunanku uku kada ku jera su a manne. Doka ta yarda gargaɗin na biyu ya zo tare da tashin na farko, amma mai tuta sabo zai rikice, kuma in aka dawo da rukunin farko komai ya cakuɗe. Ku bar minti ɗaya ko biyu a tsakani, masu gudu su fara tashi.

Uwar_Maki:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana Sakatare, ga ɓangaren maki da ƙararraki.

A layin gamawa shuɗiyar tuta ce a sandar jirgin kwamiti. Jirgi ya gama ne idan wani sashe na gangarsa ya tsallake layin daga ɓangaren hanya. Mutum ɗaya ya riƙa kiran lambobi, biyu su rubuta kowa da takardarsa ba tare da leƙen ta juna ba, na'urar murya tana ɗauka. A rubuta duk jirgin da ya tsallake, har wanda aka san OCS ne, har wanda ya tsallake sau biyu, domin wataƙila hukunci ya je ya yi ya dawo, ko kuma kwamitin ƙararraki ya mayar masa da matsayinsa. Tun a rajista ku duba kada jirage biyu su zo da lamba ɗaya a filafili.

Tsarin rataye A mai ƙaramin maki ya ci: na ɗaya maki 1, na biyu 2, haka har ƙarshe. Wanda bai zo ba, bai tashi ba, bai gama ba, ya janye, ko aka fitar da shi, makinsa yawan waɗanda suka yi rajista a rukunin da ƙarin ɗaya, wato 21 ga ILCA ɗinku. In ba ku rubuta wani abu daban ba, ana zubar wa kowa makinsa mafi muni guda ɗaya. Ku rubuta cewa sai an kammala tsere huɗu za a fara zubarwa, ku kuma faɗi tsere nawa ne mafi ƙaranci da zai sa gasar ta tabbata, saboda ranar da iska ta ƙi. In biyu suka yi kunnen doki, a jera makin kowanne daga mafi kyau: mai 1, 3, 3, 4 ya doke mai 2, 2, 3, 4 duk da kowanne 11 gare shi. In har yanzu ɗaya suke, tseren ƙarshe ya raba.

Jiragen nan shida sai da lokaci. A tsarin Portsmouth kowane irin jirgi yana da lambarsa, ana ninka daƙiƙun da ya yi sau 1000 a raba da lambar. Misali mai lamba 1100 ya yi minti 55, daƙiƙa 3300 ke nan, gyararren lokacinsa 3000. Mai lamba 1000 ya yi minti 52, nasa 3120. Wanda ya iso a baya shi ya ci. Don haka a rubuta musu awa, minti da daƙiƙa, a kuma rubuta ainihin lokacin da aka tashe su. Lambobin a bayyana su kafin tseren farko, kada a taɓa su bayan an ga sakamako.

Ku sa iyakar lokaci a umarni. In ba jirgin da ya gama a cikinta, dole a soke tseren. Ku ƙara da cewa wanda bai gama cikin minti 15 ko 20 bayan na farko ba za a ba shi maki ba tare da jiransa ba, ku ambaci dokokin da wannan ya sauya, wato ta 35 da A5. In ba haka ba jirgi ɗaya zai tsare mutum talatin a kan ruwa.

Abin da nake so ka riƙe da kyau: kwamitin tsere ba ya hukunta jirgi a kan karo ko taɓa alama. In kun gani, ƙara za ku shigar kamar kowa. Hukunci na kwamitin ƙararraki ne, mutum uku aƙalla, waɗanda ba su zauna a jirgin kwamiti ba, ba kuma iyaye ko masu horar da masu tsere ba. Ku gayyato ɗaya daga wata ƙungiya. Mai ƙara dole ya yi kiran "Protest", wato zan kai ƙara, a farkon damar da ya samu, jirgin da tsawonsa ya wuce mita 6 kuma ya ɗaga jar tuta. ILCA da Optimist ba sa buƙatar tutar. Wanda ya san ya yi laifi yana iya wanke kansa a kan ruwa: juyi biyu in ya keta dokar ba da hanya, juyi ɗaya in ya taɓa alama, kowane juyi da juyawa ɗaya ta gaban iska ɗaya ta bayanta, bayan ya fita daga hanyar mutane. Ƙarar a rubuce take. Littafin ya ba da awa biyu bayan jirgin ƙarshe ya gama, amma umarni yana iya sauyawa, da yawa suna sa minti 60. Ku manna lokacin rufewa a allo.

A zaman, a fara duba ingancin ƙarar: an yi kira, an kawo a kan lokaci? In ba ta inganta ba a rufe. In ta inganta, ɓangarorin biyu suna zaune daga farko har ƙarshen shaida, shaidu kuwa ɗaya bayan ɗaya suke shiga. Kwamiti ya rubuta abin da ya tabbata ya faru, dokar da ta shafe shi, sannan hukunci. A rubuta da kyau, domin ana iya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar wasan ta ƙasa. Sakamakon da kuka manna kafin a gama zaman ku rubuta masa "na wucin gadi".

Mai_Ceto:

Ba a taɓo tsaro ba, ga shi kuna da yara 12. Doka ta 3 ta ce shawarar shiga tsere ko ci gaba da shi tana wuyan jirgin, amma wannan ba ya sauke muku nauyin shiri. Ku nemi izinin hukumar da ke kula da ruwan, ku san hanyar manyan jirage ku nisance ta.

Jirgin ceto ɗaya ga ƙananan jirage goma shi ne abin da aka saba, ga yara ko iska mai ƙarfi a ƙara. Ku ware huɗu, ban da mai kafa alamomi, domin shi hankalinsa na kan anka. Kowanne mutum biyu, direba da mai ɗauko mutum, da rediyo, igiyar ja, wuƙa, akwatin taimakon farko, da ruwan sha. Direba ya ɗaura igiyar kashe inji a ƙafarsa ko da yaushe. Jirgi ya kife, abin farko a ƙirga kawuna. A tunkare shi daga ƙasan iska, a kashe inji idan mutum yana kusa da farfela. In kun ɗauke mutum kun bar jirginsa, ku ɗaura masa ƙyalle mai launi da aka sanar tun farko, don na bayanku kada ya ɗauka akwai wanda ya nutse a ƙarƙashi.

Rigar ceto ku wajabta ta a umarni ga kowa duk lokacin da yake kan ruwa, kada ku jira ɗaga tutar Y mai umartar a sa ta. Ku yi allon fita da dawowa: kowane mai tsere ya ɗauki lambarsa zai shiga ruwa, ya mayar da ita da ya fito, mutum ɗaya a tudu ba shi da wani aiki sai wannan. Jirgin ceto na ƙarshe ba ya fitowa sai an ce masa lambobi sun cika. Rediyon gasa a tasha ɗaya da aka rubuta a umarni, tasha ta 16 a bar ta don kiran gaggawa. In hadari ya taso kuna so kowa ya koma, N a kan H da busa uku, ma'ana an soke, sauran sigina a tudu. Tutar V da busa ɗaya kuma tana umartar duk jirage, har na masu horarwa, su saurari rediyon kwamiti don aikin nema da ceto.

Uwar_Maki:

Ƙari a kan maganar Malam Mai_Ceto, ku faɗa wa masu tsere a taron safe cewa wanda ya tsaya ya taimaki wanda ke cikin haɗari ba zai yi asara ba. Doka ta 1.1 ta wajabta masa taimakon, kwamitin ƙararraki kuma yana iya gyara masa maki, ko ya ba shi matsakaicin makinsa na sauran tsere, ko matsayin da yake kai lokacin da ya tsaya. Saboda haka jiragen ceto da mai kafa alama su riƙa rubuta jerin jirage a kowace alama, da lokacin da wani ya tsaya da lokacin da ya ci gaba. Takardun nan a miƙa su ga sakatare da an fito, tare da na layin gamawa.